Ma'azu da Ƙwarin Kurmin Illo

A shekarar da Turawa ke ɗaure kayansu za su koma gida, an yi wani mutum a Illo wai shi Ma'azu, wanda Allah ya hore wa baki bai hore masa hannu ba. Ya taɓa noma, ciyawa ta fi ƙarfinsa. Ya taɓa kamun kifi a bakin Kwara, kwalekwalen ya dawo ba shi, shi kuma ya dawo ba wando. Amma in ka tarar da shi gindin tsamiyar bakin kasuwa ya harɗe ƙafa yana ba da labari, sai ka rantse shi ya koya wa kifi iyo.

Abin da ya ƙarasa fasa masa kai wani Bature ne mai yawon kamun malam-buɗe-littafi, wanda ya biyo ta Lolo da ragarsa da akwatunansa yana neman 'yan dako. Ma'azu ya ɗauki akwatin shayinsa kwana goma sha tara, daga Lolo har Bagudo. Ran da za su rabu, Baturen ya zubar da tarkacen da ba zai iya tafiya da su ba, ciki har da wata tsohuwar hular kwano da madubin hangen nesa wanda idonsa ɗaya ya tsage. Ma'azu ya tsince su a juji. Kafin ya iso gida, kwana goma sha taran nan sun zama wata tara, akwatin shayi ya zama akwatin littattafai, tarkacen juji kuwa sun zama kyautar ban kwana da Bature ya miƙa masa yana share hawaye. Tun daga nan ba ƙwaron da zai gifta a Illo Ma'azu bai faɗi sunansa da Turanci ba, irin Turancin da ko Baturen aka dawo da shi sai ya nemi tafinta.

Ana saura kwana goma bikin samun 'yancin kai, maigari ya sa aka yi shela cewa wani malamin daji mai suna Malam Attahiru zai zo daga Birnin Kebbi washegarin biki, ya duba kurmin da ke yamma da gari, ya kuma ɗauki mutum guda ya riƙa gadinsa, da kaki da albashi. Kurmin nan ba wani babba ba ne, ɗorawa ce da tsamiya da marke, sai wani ɗan rafi da ya ratsa ta tsakiya. A gefensa lambun Arzika yake, yayan Asama'u matar Ma'azu, mutumin da ya shekara talatin yana rataya amya a ɗorawoyin wurin yana shan zuma. Damina tana ban kwana, ko'ina ya yi fure, malam-buɗe-littafi kuwa kamar an yayyaga rinannen zane an watsa a iska.

Kowa a gari ya san in za a yi gaskiya Arzika ya dace da aikin, sai dai shi mutum ne da sai ka yi masa tambaya uku ka sami amsa ɗaya, bai ma ce yana so ba. Ma'azu kuwa tun mai shela bai rufe baki ba ya sanar cewa rigar nan daidai wuyansa aka yanka ta. Ya ce zai nuna wa malamin daji abin da ba a taɓa gani ba a ƙasar Gwandu: zai yi nazarin halittun kurmin ɗaya bayan ɗaya, ya tara su da ransu, ya baje su gaban jama'a.

Da ya kai wa Asama'u albishir, sai ta tambaye shi ko geron da ya nuna a gona tsuntsaye ke ci shi zai tako da ƙafarsa ya shiga rumbu. Ya ce mai albashi ba ya sunkuyawa, kuma ita ba ta san darajar masanin ƙwari ba.

"Kaji ma sun san ƙwari, Malam," in ji ta, "ban ko ga sun sa hular kwano ba."

Washegari da hantsi ya fara aiki. Ya tuna Bature ya taɓa cewa in kana son ganin halitta yadda take, kada ka bari ta gan ka. Saboda haka ya shiga gefen gonar Arzika ya ciro harawar wake rungume guda, ya ɗaɗɗaure jikinsa da ita tun daga wuya har idon sawu, ya tsuguna bakin hanyar rafi kamar wani kututture. Sannan ya ɗauko madubin. Duk zamansa da Bature ba a taɓa barinsa ya leƙa ciki ba, daga nesa kawai yake gani, don haka sai ya kafa idonsa ta wajen faffaɗan baki, a ganinsa babban ido shi ya dace da babban mutum.

Nan take duniya ta tsuke ta koma can nesa. Ya ga ɗorawa kamar dashen barkono. Can sai ya hango wasu 'yan halittu farare, girmansu bai fi na ɓera ba, ga ƙaho ga ɗan gemu, suna tahowa a jere. Murna ta kama shi. Wannan ko Bature bai gan su ba. Ya fara tunanin yadda za a sa musu sunansa a littafin gwamnati, yana cikin zaɓen ko a ce ɓeran Ma'azu ko a ce Ma'azun daji, sai ya ji ana jan kafaɗarsa.

Awakin Batulu ne, wata tsohuwa mai ƙuliƙuli da ke maƙwabtaka da su, ta koro su shan ruwa. Suka ga harawa ta zo musu har bakin hanya, suka yi mata da'ira. Ma'azu ya dake, wai kada ya ɓata nazari. Suka cinye ta baya, suka cinye ta gaba. Sai da bunsuru ya kai bakinsa kan mazagin wando, sannan ilimi ya ƙare, Ma'azu ya zabura ya miƙe yana ihu. Batulu da ke biye da sandarta ta ga ciyawa ta tashi tsaye da hular Nasara a kai, ta ja a'uziyya ta rufe ta da duka.

"Inna, ni na, Ma'azu na," yake faɗi yana kare kai.

Sai da ta ƙara masa huɗu masu kyau sannan ta sauke sanda tana haki. "Na sani, ɗan nan. Tun bugun fari na gane murya. Sauran na harawar Arzika ne da ka sata."

Da la'asar Ma'azu na gindin tsamiya yana gaya wa mutane cewa ya gudanar da gwaji a kan cin akuya, kuma sakamakon ya yi daidai da abin da ke cikin littattafan Turawa. Wani mahauci ya ce shi ma ya daɗe yana zargin cewa akuya na cin harawa, ya gode da aka tabbatar masa.

Kwana biyu bayan nan ya shiga batun raga. Asama'u na da gidan sauro da yayanta ya sayo mata a kasuwar Lolo, abin da take ji da shi fiye da kwanoninta. Ma'azu ya faki idonta tana wajen daka, ya yanke kamu biyu, ya ɗinke a bakin tanƙwararren reshe, ya ɗaure a kan gora. Ya faɗa lambun Arzika yana kai bara hagu da dama. Kafin rana ta take ya karya barkono kunya uku, ya tattake yaɗon kabewa, ya kama furen kuɓewa ya fi sau ashirin, malam-buɗe-littafi kuwa ko ɗaya. Arzika na tsaye riƙe da fartanya yana kallon ɓarnar. Da ya gaji sai ya ce masa in ya je bakin rafi inda laka ke da danshi ya tsaya wuri ɗaya, su da kansu za su zo. Ma'azu ya ce wannan dabarar mutanen da ce, ilimin zamani ba ya jira.

Bai rufe baki ba sai ga wani ƙato ya gifta, baƙi wuluk mai ɗigon shuɗi, faɗinsa ya kai tafin hannu. Ma'azu ya ce wannan shi ne sarkinsu, ya bi shi. Ƙwaro ya yi yamma, Ma'azu ya yi yamma. In ya ɓace masa sai wani mai kama da shi ya taso, ya ce ai shi ne. Ya ratsa fadamar shinkafa, ya tsallake kwari, ya keta garken wani Bafulatani, kansa a sama, bai san inda ƙafarsa ke taka ba. Rana ta yi tsaka ta karkata. Daga ƙarshe ya ga abin ya sauka a kan wani jan abu bayan wata 'yar bukka. Ya lallaɓa, ya riƙe numfashi, ya ɗaga gora ya kifa da iyakar ƙarfinsa.

Jan abin nan hular jandarma ce, wato ɗan sandan tsallaken iyaka, kan jandarman kuma yana ciki. Ashe tuni Ma'azu ya bar ƙasarsu ya shiga Dahomey, waɗanda su sun riga sun karɓi nasu 'yancin wata biyu da suka wuce, masu tsaron iyakarsu na ji da sabon iko. Mutumin yana gyangyaɗin azahar ya farka ya ji kansa cikin raga. Da abokin aikinsa ya fito ya ga baƙo da hular Turawan Ingila da madubin leƙen nesa a wuya, sai suka ce sun kama ɗan leƙen asiri.

Su Dendanci da Faransanci suke ji, Ma'azu kuwa Hausa sai Turancinsa na gindin tsamiya. Ana cikin wannan kurman zance Allah ya kawo Batulu, ta dawo daga tallan ƙuliƙuli a ƙauyukan tsallake da tasa a kai. Ita ta iya Dendanci kamar a can aka yanke mata cibi, aka ce ta yi tafinta. Ma'azu ya gyara tsayuwa ya ce ta gaya musu shi ne babban masanin ƙwari na Nijeriya, ya biyo sawun wani malam-buɗe-littafin ƙasarsu ne da ya tsere ba izini, kuma yana buƙatar a miƙa masa shi. Batulu ta juya ta gaya musu cewa wannan taɓaɓɓen garinsu ne, amma ba ya duka, ba ya jifa.

Jandarman ya sassauto, har abin ya fara ba shi dariya. Ya ce a tambaye shi yadda yake bambanta ƙwaron Nijeriya da na Dahomey. Ma'azu ya ce wannan ai abu ne mai sauƙi ga wanda ya yi karatu: namu daga dama yake buɗe littafinsa kamar malamin kirki, nasu kuwa daga hagu, irin na Faransa. Wannan kam Batulu ta fassara shi yadda yake, don ta ga ba ya buƙatar gishiri. Jandarman ya karɓi madubin ya duba, ya juya shi ya nuna wa Ma'azu ta inda ake leƙawa. Ma'azu ya leƙa, bukka ta taso masa har hanci, ya yi baya da sauri ya ce wa Batulu dama an ce Faransawa komai a juye suke yinsa.

Hukuncin da aka yanke masa shi ne ya share filin wurin tas, ya ɗebo wa dokinsu ruwa tulu shida. Sai bayan la'asar aka sallame shi. Ya iso Illo ƙafa duk ƙaya, ya wuce kai tsaye gindin tsamiya ya ce ya je zaman shawara da hukumomin tsallake kan zirga-zirgar ƙwari tsakanin ƙasashen biyu, kuma an karrama shi. Aka dubi Batulu. Ta ce gaskiya ne, da idonta ta ga an danƙa masa filin baki ɗaya a hannu, har da tsintsiya.

A gida Asama'u ta riga ta ga ɓulin gidan sauronta. Ba ta yi faɗa ba. Ta dai juya shi yadda ɓulin zai koma gefen da Ma'azu ke kwanciya, ta ce tun da nazarin ƙwari yake yi, ga sauro nan ta kawo masa har shimfiɗa.

Biki ya matso, Ma'azu bai da ko fiffike ɗaya. Ran jajibiri ya saci jiki ya je bakin rafi inda Arzika ya faɗa, ya tsaya cik. Sai ga su sun sauka a kan laka jingim, farare da rawaya da masu ruwan goro. Kifawa biyar ya kama fiye da sittin. Ya dawo yana cewa wata dabara ce da ya tuna daga wurin Bature. Ya kori kajin Asama'u daga akurkinsu, ya lulluɓe shi da ragowar gidan sauron, ya zuba su ciki. Da ya tsaya ya duba sai ya ga nunin bai cika ba, ai shi halittu iri-iri ya yi alkawari. Ya koma kurmi ya samo hawainiya biyu, da kwaɗi uku, da wani jan gwada mai ƙaton kai, ya haɗa su duka a akurkin ya ɗaure baki.

Asama'u ta leƙa ta tambaye shi ko a makarantar Baturen nasa kura da akuya ɗaki ɗaya suke kwana. Ya ce wannan tunanin zamanin mulkin mallaka ne. Yanzu an sami 'yanci, ƙasa ɗaya ce, babba da ƙarami kowa zai zauna da ɗan'uwansa lafiya.

"To Allah shi sa hawainiya ta ji shela," in ji ta.

Haka suka yini biyu a rufe, ana can ana biki a ƙofar maigari. Ma'azu ya hana kowa buɗewa, har da shi kansa, wai kada iska ta ɓata musu launi. Shi hankalinsa na kan wata dabarar. Ya tuna Bature na shafa abu mai zaƙi a jikin itace ƙwari su taru. Ya ce in itace da ba ya magana ya samu, ina ga mutum? Ranar da baƙo zai zo ya juye zumar da Asama'u ke ajiye da ita don magani a ƙwarya, ya dama da ruwa, ya tsoma rigarsa ta Sallah a ciki, ya shafe hular kwano har tana ɗiga. Nufinsa da ya buɗe akurki su tashi su lulluɓe shi gaban jama'a, malamin daji ya ga mutumin da halittu suka yi wa mubaya'a. Ya kuma roƙi makaɗan da ba su riga sun watse daga biki ba su zo su raka shi da ganguna.

Wurin da ya zaɓa gindin babbar ɗorawa ne, don ta fi inuwa. A kanta Arzika ke da amya shida. Arzika ya same shi ya ce masa a hankali, zuma ba ta son kiɗa, balle da tsakar rana, ya matsa can gindin marke. Ma'azu ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Yaya, kai zuma ka sani a ƙwarya. Ni a littafi na san ta. Kuma in an ba ni aikin ga, ba ni mantawa da kai."

Wajen azahar Malam Attahiru ya iso a kan keke, wani siririn mutum mai gajeren wandon kaki da doguwar safa, ba shi da yawan magana. Maigari ya rako shi da dattawa, aka shimfiɗa tabarmi. Rabin gari ya biyo baya, don labarin awaki da na tsintsiya ya sa kowa ya ƙi yarda a ba shi labarin na uku. Ma'azu ya fito yana maiƙo kamar an tsamo shi daga tukunyar alewa, gora a hannu, akurki a gaba. Ya yi jawabi mai tsawo, ya ambaci wata taransa tare da Bature, ya ambaci zaman shawararsa da ƙasar waje. Sannan ya ce jama'a su riƙe numfashi, ya kwance igiya, ya yaye lulluɓi, ya buɗe hannuwa yana jiran a lulluɓe shi.

Ba abin da ya tashi. Aka leƙa. Hawainiya biyu na kwance cikinsu ya yi tumbi, ɗaya da guntun rawayan fiffike a gefen baki tana juya ido. Kwaɗi sun kumbura sun kasa tsalle. Ƙasan akurki kuwa fukafukai ne birjik kamar an fige kaza mai launi. Can sai ga wani ɗan fari guda ya rarrafo daga lungu, ya yi ƙoƙari ya tashi, ya sauka daidai kan takalmin Malam Attahiru. Jan gwada ya fito a guje ya lashe shi, ya tsaya ya yi wa taro gyaɗa kai sau uku, ya shige ciyawa.

Dariya ta fara daga wajen mata ta bazu. Ma'azu ya yi gyaran murya ya ce ai wannan shi ne darasin, da gangan ya shirya don jama'a su ga wa ke cin wa a daji. Malam Attahiru ya ce ya gani. Ya nuna wani fiffike mai ruwan goro da baƙin baki, ya tambaye shi a kan wane ganye tsutsar wannan ke girma. Ma'azu ya ce wannan irin ba ya yin tsutsa, da girmansa ake haihuwarsa. Da ya ga malamin ya ɗaga gira zai ƙara wata tambayar, sai ya yi wa makaɗa alama, suka saki ganguna gaba ɗaya.

Dama tun ɗazu ƙudan zuma ɗaya-ɗaya ke zagaya hular kwano. Da kiɗa ya tashi sai suka fara saukowa da yawa. Biyar, ashirin, kafin a ce haka kafaɗun Ma'azu sun yi baƙi. Da ya ga idon jama'a a kansa sai ya washe baki ya ce to ga shi nan, waɗannan ma talakawansa ne, sun zo gaisuwa. Malam Attahiru, wanda ya san abin da ke tafe, ya ce masa cikin sanyin murya kada ya motsa ko yatsa, ya ɗaga hannu yana yi wa makaɗa alamar su tsaya. Su kuwa suka ɗauka yabawa yake, suka ƙara wuta.

Ƙuda ɗaya ya bi ta wuyan riga ya gangara hammata. Ma'azu ya matse hannu, ƙudan ya yi abin da Allah ya halicce shi da shi. Ma'azu ya daka tsalle ya wulwula gora sama, gorar ta maƙalo igiyar amyar da ta fi kusa, amya ta sulmiyo ta faɗi tim a tsakiyar tabarmi ta dare biyu.

Abin da ya biyo baya, har yau in tsofaffin Illo za su faɗa sai sun tsaya sun share hawaye. Dattawan da aka rako da sanda aka ga sun riga samari kai wa hanya. Makaɗa suka bar ganguna suna gangarawa rafi. Maigari ya warware rawani ya naɗe fuska, ya yi ta gudu ba ya ganin gabansa har sai da ya rungumi marke. Malam Attahiru ya kwanta rub da ciki ya ja tabarma ya rufa, amma doguwar safa ba ta kai gwiwa ba, gajeren wando bai sauko ba, zuma ta sami fili a tsakani. Shi kuwa Ma'azu, da yake duk zaƙin a jikinsa yake, rundunar shi ta bi. Ya nufi mutane yana neman ceto, duk inda ya dosa sai a watse ana roƙonsa don Allah ya yi wani wajen. Ya bi Batulu, ta juyo ta ɗaga masa sanda, ya canza hanya. Daga ƙarshe ya faɗa rijiyar lambun Arzika, wadda ruwanta bai wuce ƙirji ba, sauran duk laka. In ya nutsa numfashi ya ƙare, in ya ɗago a yi masa maraba.

Arzika ne kaɗai bai gudu ba. Ya tattara busasshen kashin shanu a kasko ya hura wuta, ya bi gindin ɗorawa da hayaƙi a hankali yana wani ɗan gunaguni kamar mai rarrashin jariri. Ya haɗa amyar da ta fashe ya ɗaure, ya mayar da ita reshe. Kafin a jima ƙugin ya lafa. Asama'u ta karɓi kaskon ta je bakin rijiya ta kore sauran, ta tsaya tana kallon mijinta, laka har gira, fuska ta fara hawa. Ya ɗago ido ɗaya da ya rage masa a buɗe ya tambaye ta ko malamin daji ya ga yadda suka bi shi shi kaɗai suka bar kowa.

"Ya gani, Malam. Cire rigar ka miƙo, in an wanke a ba awaki ruwan."

Bayan la'asar aka taru a zauren maigari. Malam Attahiru na zaune ya miƙe ƙafafu, gwiwoyinsa kamar an ɗora masa goruba. Ya sa aka kira Arzika ya maimaita masa tambayar ɗazu. Arzika ya ce tsutsar mai ruwan goron nan a kan tumfafiya take girma, shi ya sa tsuntsu ba ya cinta. Ya tambaye shi itacen da ke fara fure in rani ya shigo, da inda gauraka ke sauka, da abin da ya sa damo ya ragu a kurmin, Arzika ya amsa kowace a taƙaice, yana kallon ƙasa kamar wanda ake tuhuma. Malamin ya rubuta sunansa a takarda ya ce daga yau shi ne mai gadin kurmi. Sannan ya ce a gaban maigari yana ba shi umarni na farko, kuma shi ne mafi girma: ko da wasa kada ya bar Ma'azu ya kusanci kurmin nan, iyakarsa bakin hanya.

Kwana huɗu Ma'azu na ɗaki ana shafa masa toka da man kaɗe. Ran na biyar Asama'u ta miƙa masa magirbi ta ce geron da tsuntsaye suka rage yana jiran mai albashi. Ya fita, leɓe har yanzu kamar an manna masa ƙosai. Hanyar gona ta bi ta gindin tsamiya, inda mutane ke zaune suna jiran su ga da wane ido zai dube su. Mahaucin nan ya yi masa jaje, ya ce Allah bai nufa ba, aiki ya tafi wurin suruki.

Ma'azu ya jingine magirbi, ya nemi wuri ya zauna, ya harɗe ƙafa. Ya ce su dai ba su fahimci yadda gwamnati ke aiki ba. Ya ce su duba tun daga Zagga har Lolo, su haɗa da hakimai da alƙalai da attajirai, su faɗa masa mutum ɗaya da sabuwar gwamnati ta ɗaukar wa ma'aikaci sukutum, da kaki da albashi, ba shi da wani aiki sai lura da inda ya sa ƙafa.

Aka yi ta dubawa, ba a samu ba.